Farantin Shinkafa a Gadar Derawan

Zuwa ga Mahrita, Adingna, wato ƙanwata a kiran ƙauna, matata, sanyin idona, inuwar kwakwa da tsakar rana, ruwan farko bayan dogon zafi, wadda teku ya ara jiya ya maido mini lafiya.

Alhamdu lillahi! Tun jiya nake nanata ta, har Acil Masniah, gwaggon nan mai masaukinmu, ta ce ko ta ara mini carbi. Ga ki can kina barcin rana, hancinki ya ƙone yana saɓa, gashinki duk gishiri, amma wallahi ban taɓa ganin mace mai kyawunki ba. Ni kuwa ina barandar da ke kan ruwa, kunkurun teku na leƙowa ta ƙarƙashin katako yana shaƙar iska, ina rubuta miki abin da bakina ya kasa faɗa.

Shekara tara kina yi mini zancen tsibirin Derawan, sai bana Allah ya nufa. Kin tuna kwana ukunmu na farko? Yashi fari tas kamar garin da aka tankaɗe, ke a gaba da gudu, ni a baya riƙe da takalmanki. Gasasshen kifi da dakakken barkono, kina ci kina hawaye kina neman ƙari. Ƙaguwar da ta fi ƙarfina, kika karɓa kika fasa da haƙori, masu abincin suna tafa miki. Ashe haka kike dariya, Ading? Ina nake duk shekarun nan?

Sai jiya da safe na ɓata komai. Ƙaramin jirgin ruwan zuwa tafkin Kakaban yana jira, Acil ta ajiye mana shinkafa mai kurkum da kifi, ni kuma na buɗe baki na ce ba za ni ba, ina da takardun ɗalibai da zan duba. Kika kalle ni kika ce, "Ni ka aura ko takardu?" Kika miƙe fuu. Acil ta bi ki da kira, "Ke 'yar nan, taɓa shinkafar mana, ko da yatsa ɗaya ne!" Ko waiwaye ba ki yi ba.

Kin fi ni sanin abin da iyayenmu suke tsoro. An miƙo maka abinci, ka tashi ba ka ko taɓa ba, ka ɗauki kapuhunan, tsautsayi na biye da kai har inda za ka. Ni kuwa malamin kimiyya, mai gaya wa yara a aji cewa babu ruwan shinkafa da haɗarin hanya, dariya na yi wa tsohuwar. Allah ya yafe mini wannan dariya.

An ce da azahar za ku dawo. Azahar ta yi, hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta gabas, ruwa ya kece. Na kira wayarki ba ta shiga. Jiragen da suka fita bayanku suka dawo ɗaya bayan ɗaya, ban da naku. Wayyo Mahrita! Kin san yadda zuciya ke yi in ta tuna cewa maganar ƙarshe da aka yi faɗa ce? Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, tsoron in koma gida Banjarmasin da jaka biyu ni kaɗai. Me zan ce wa mahaifiyarki? In ce takardu nake dubawa?

Ban san lokacin da na faɗa madafar Acil ba. Kafin in yi magana ta miƙo mini farantinki, ta rufe shi da ganyen ayaba tun safe. Ta ce, "Ungo, Malam. Na san za ka zo." Na ɗauka na tafi can ƙarshen gadar katako inda jirage ke tsayawa, na tuɓe rigata na lulluɓe shi kada ruwa ya taɓa. Wani masunci ya ce ko kifaye na kawo wa sadaka, ban kula shi ba. Awa huɗu ina tsaye, ina salati, ina roƙon Allah ya bar hannunki ya iso kan shinkafar nan.

Dab da magariba sai ga ku, wani jirgi yana jan naku da igiya. Ashe injin ne ya sha ruwa, kuka fake a bayan tsibirin Sangalaki. Kika hawo tsani a jiƙe sharkaf, kika dubi farantin, kika dube ni ba riga, kika ce, "Malam, ina kimiyyar?" Kika dangwala yatsa, sannan kika ɗebi loma kika sa mini a baki. Sanyi ƙalau, ta fara tsami, amma ban taɓa cin abin da ya kai ta daɗi ba. Na zauna daɓas a kan katako.

To ga gaskiyar, hasken raina, ki yi dariya in kin ga dama. Babu wasu takardu a jakata. Ni Supiani, da aka haifa a bakin kogin Martapura, gidanmu ma a kan ruwa yake, ban iya iyo ba. Tun ina yaro na taɓa nutsewa aka tsamo ni, daga nan ƙaramin jirgi ya zama dodona. Babban jirgin da ya kawo mu ma, barcin da kika ga ina yi idona kawai na runtse. Shekara tara ina ɓoye miki saboda kunya, jiya kunyar ta sa na bar ki kika shiga teku da fushina.

Na roƙi Acil ta ƙara mana kwana biyu, tunda hadari bai bari kin ga tafkinki ba. Na kuma ari rigar ceto a wurin mijinta, mai launin ruwan lemo, ta yi mini yawa. Gobe da safe za mu ci abincinmu tas, in riƙe hannunki mu shiga. Zan yi rawar jiki, ƙila ma in yi amai, kada ki saki. In jirgi zai sake makara, ya makara da mu biyu a ciki.

Naki a tudu, naki a ruwa, har ranar da numfashi zai ƙare,
Supiani