Farin Fenti Bokiti Biyu

Litinin, 3 ga Maris, 2025
Hulda ta gama zanen bangon zauren cocinmu. Shekara bakwai 'yar nan tawa tana zane a Legas, na ɗauka za mu ga Makiyayi da tumakinsa. Ina! Ja da ruwan ƙasa kawai, sai layuka huɗu-huɗu suna lanƙwasa. Ko kan tunkiya babu. Na ji kunya.

Alhamis, 6 ga Maris
Kwamiti ya zauna. Dattijo Rufus ya ce, "Malam Silvanus, yarinyar ka ya goge burushi ne a bangon Allah?" Aka yi dariya, har da ni. An yanke a shafe da farin fenti kafin bikin Ista. Ni ne shugaba, ni zan shafe.

Lahadi, 9 ga Maris
Na gaya mata. Ba ta yi musu ba. "Baba, ka dai je ka tsaya kusa da shi." Taurin kai irin na uwarta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Laraba, 12 ga Maris
Na je Godogodo duba tsohon gidanmu. Rumbun matata, marigayiya Paulina, yana nan, rufin ya zube. Ita ke yaɓe shi duk shekara, ta ja yatsu huɗu a kan ɗanyar laka, ta lanƙwasa. Shekara talatin ina wucewa, ban taɓa tsayawa na duba ba. Na ga sabon rami a gindinsa. Maƙwabciya ta ce Hulda ce ta ɗebi jar ƙasa a watan jiya, wai za ta dama da fenti.
Na daɗe a wurin.

Asabar, 15 ga Maris
Na kai fenti bokiti biyu coci da safe. Na tsaya kusa, yadda ta ce. Ashe ba burushi ba ne, yatsu ne. Kuma ko'ina layi na huɗu bai kai sauran ba. Lauje ya taɓa yanke wa Paulina kan ƙaramin yatsa, haka layinta yake a rumbu. Na ɗora hannuna a kai. Na yi kewarta ƙwarai.

Lahadi, 16 ga Maris
Akurkin kajina ya sha farin fenti, dama ya yi datti. Rufus ya tambayi zancen bango, na ce bai gama bushewa ba. Ya ce sai yaushe? Na ce zan riƙa dubawa.
Ban ce zanen ya yi kyau ba fa. Kujerata kawai na matsar kusa da shi.