Ni Na Sa Aka Shafe Bangon Abokin Yayana

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara. Yau kwana shida ina ɗauke da wata magana da na kasa faɗa wa kowa a gidanmu, kuma saura kwana tara ta fito fili, ko na faɗa ko ban faɗa ba.

Shekarata ashirin da uku. Bara na gama karatun zane-zane a jami'a, wata huɗu da suka wuce kuma na samu aiki a wani ƙaramin kamfani mai tsara allunan talla da zanen bango. Mu bakwai ne har da Oga. Ana gwada ni ne na wata shida kafin a tabbatar da ni, shi ya sa komai sai na duba sau biyu. A ofis har tsokanata suke yi, wai ko kofin shayi aka miƙo mini sai na auna shi.

Wani mai kanti ya kama shago zai sayar da takalma da hulunan samari, yana son a zana masa bangon waje irin zanen 'yan hip-hop. Oga ya ba ni aikin, shi ne na farko da aka bar mini ni kaɗai. Na je da tef ɗin awo: tsawon bangon mita goma sha ɗaya da santimita arba'in, tsayinsa mita uku da ashirin. Akwai tsohon zane a jiki, na fentin feshi, ya koɗe, an lilliƙa takardun talla a wajen kashi ɗaya cikin ukunsa. Haruffa ne da suka sarƙe da juna kamar igiya, ba su karantuwa. Na ɗauki hoto arba'in da bakwai, mita bayan mita. Na duba kusurwar ƙasa ta dama, inda aka koya mana a makaranta cewa mai zane yana sa hannu, ban ga komai ba. Sai na rubuta a fom: "Tsohon zane, ba sa hannu, a shafe." Washegari mai fenti ya yi masa farin shafi biyu.

Yayana mawaƙin hip-hop ne, yana kuma zanen bango da abokansa. Yana da wani aboki da ake kira Tsinke saboda rashin ƙibarsa. Tun ina firamare Tsinke yake zuwa gidanmu, Mama takan ce tana zuba masa abinci kamar tana zubawa a rariya. Shi ya fara koya mini yadda ake lanƙwasa harafi a bayan littafin lissafina, yana ce mini "'yar ƙanwa, saki hannunki mana, ba jarrabawa ba ce." Ba don shi ba da ban karanci zane ba. Ya rasu a hatsarin babur ina aji biyu a jami'a, ban samu zuwa gida ba sai bayan wata biyu.

Ranar Talatar da ta wuce Yaya ya shigo da la'asar, ya zauna a falo bai cire takalmi ba, abin da Mama ba ta lamunta. Da ta tambaye shi, sai ya miƙa mata waya. Na leƙa ta kafaɗarta. Farin bango ne, amma na gane akwatin mitar wuta da bututun ruwan da na auna da hannuna. Yaya ya ce zanen Tsinke na ƙarshe ne. Tsinke ne ya ja layukan haruffan da kansa, kwana biyu kafin hatsarin, bai kai ga cika launi ba. Bayan rasuwarsa su Yaya suka cika launin, suna kaffa-kaffa kada su taɓa layinsa. Shi ya sa ma ba su taɓa sabunta shi ba duk da ya koɗe. Ashe ba sa hannu ne babu ba, Anti. Zanen gaba ɗayansa sunansa ne. Mita goma sha ɗaya na sunan mutumin da ya koya mini harafi, na tsaya a gabansa minti hamsin ina neman sa hannu a kusurwa.

Yaya ya ce a wajensu ba a hawa kan zanen wani, balle na mamaci. Ya ce duk wanda ya yi wannan ɗan ofis ne da bai san komai ba sai kwamfuta, kuma duk abin da aka zana a wurin ba zai yi sati ba sai sun shafe shi. Sannan ya juyo ya ce mini, tun da ina harkar, in bincika masa wane kamfani ne. Na ce to.

Ga inda abin ya tsaya. Ranar sha huɗu ga wata za a yi shafi na ƙarshe a fara ɗora sabon zanen, kuma kamfaninmu yana rubuta sunan wanda ya tsara a kusurwar bango. Oga bai san komai ba, har yana cewa in roƙi Yaya ya zo ya yi waƙa ranar buɗe shagon. In na faɗa wa Oga, ina tsoron ya ce na jawo wa kamfani rigima tun ban cika wata shida ba. In na faɗa wa Yaya, ban san da wane ido zai sake kallona ba. Shi ya riƙa kai ni tasha duk farkon zangon karatu, yana ɗauke da allon zanena a ka. Na yi tunanin in ce a cire sunana kawai, ko in ajiye aikin. Hotunan suna nan a kwamfutata, na kasa buɗe su. Me zan yi?

Ƙanwarki mai tef ɗin awo

*

Ƙanwata,

Allah ya jiƙan Tsinke, ya ba ku haƙuri. Na ce "ku" da gangan, domin ke ma rashi kika yi, kuma cikin kwana shidan nan ba ki ba kanki damar yin kukansa ba, kina ta ƙirga laifi.

Bari mu raba laifin daidai, tun da ke mai son daidai ce. Bango na mai shago ne, yana da ikon ya fente shi. Ke kuma aikin da aka sa ki kika yi, ba da mugun nufi ba. Kuskurenki ɗaya ne: kin tambayi bango, ba ki tambayi mutane ba. Na tabbata akwai mai faci ko mai shago a tsallaken titin da zai gaya miki labarin zanen cikin minti biyu. Wannan kuskuren sabon ma'aikaci ne, ana yafe shi. Su Yaya ma suna da gaskiyarsu: abin da kika gani a matsayin tsohon fenti, su hannun abokinsu ne. Amma barazanar shafe aikin wani ba za ta dawo da layi ko ɗaya ba, sai dai ta jawo musu hukuma.

Abin da ya fi damuna shi ne "to" ɗin da kika ce masa. Shafe bangon kuskure ne. Wannan kuwa, in ya ƙara kwana, ƙarya zai zama. Cire sunanki ko ajiye aiki duk ɓuya ne, kuma in Yaya ya ji daga bakin wani, zafin zai ninka.

Ki fara da Yaya, yau ko gobe. Ba ta waya ba, ba ta bakin Mama ba. Ki same shi shi kaɗai. Kada ki fara da mita da santimita, kada ki kawo maganar fom. Ki ce, "Yaya, ni ce, ban gane shi ba, kuma na ji tsoron faɗa maka." Zai yi fushi. Ki bar shi ya yi, kada ki kare kanki, kada kuma ki nemi ya yafe miki nan take.

Kafin ki je, ki buɗe hotunan nan, ki buga su a takarda mai kyau, ki jera su bi da bi. Mai yiwuwa babu wanda yake da zanen Tsinke mita bayan mita sai ke. Ki miƙa wa Yaya. Amma kada ki ce za ki sake zana shi da kanki. Wannan hukuncin na abokansa ne da iyayensa.

Daga nan ki shiga wajen Oga, tun kafin ranar sha huɗu. Ki faɗa masa abin da ya faru ba ƙari ba ragi, ki roƙi a dakatar da shafi na ƙarshe. Ni ba masaniyar fenti ba ce, amma ki tambayi mai fentinku ko akwai abin da za a iya cetowa a ƙarƙashin farin. Ki kuma nuna masa cewa mai shagon nan samarin da ya ɓata wa rai su ne masu sayen takalmansa. Bar musu wani sashe na bangon su tuna da abokinsu ba asara ba ce gare shi. Oga zai iya ƙin yarda, ba zan yi miki alkawari ba. Amma ma'aikaciyar da ta kawo matsala tun kafin ta fashe ta fi wadda ta yi shiru daraja, kuma in bai ga haka ba, kin san irin wurin da kike aiki. Maganar waƙar buɗe shago kuwa, ki bar ta tukuna.

Abu na ƙarshe: ki ƙara layi ɗaya a fom ɗin nan naku, a saman wurin awo. "Na wane ne, kuma wa na tambaya?"

Tsantsenin da ake tsokanarki da shi ne ya sa hannun Tsinke bai ɓace duka ba. Ki ɗauki hotunanki arba'in da bakwai ki je wajen yayanki. Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya tabbatar miki da aikinki.

Antinki