Na Mayar wa Rukayya da Sunanka

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Babu abin da ke isa inda kake sai addu'a, ita kuma kullum ina yi. Amma akwai maganar da ta tsaya mini a rai, kuma kai ne mai ita.

Gida lafiya. Gero ya yi kyau bana, an kuma tayar da katangar da ruwa ya kayar. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne ɗiyarmu Rukayya, da yayanka Alhaji Sambo.

Ka tuna ranar da aka yaye ta, ka ɗauke ta ka kai masa riƙo don bai samu haihuwa ba? Ɗiyar fari ce, a lokacin ko sunanta ba na kira, ina ni ina nuna damuwa? Da ya kai ta firamare sai ya sa aka rubuta mata Rukayya Sambo. Ka ji, ka yi murmushi, ka ce ai duk ɗaya ne. Malam, ba ɗaya ba ne. Yau zan faɗa maka abin da na ɓoye: ban yafe maka murmushin nan ba sai ranar da na ga an fita da kai a makara.

Bayan rasuwarka ta nemi ta baro jami'ar da take can gabas, tafiyar kwana biyu kan hanyar da kowa ya san halinta, ta dawo wadda ke Kalgo, inda za ta riƙa zuwa nan Gwandu duk ƙarshen mako ta duba ni da ƙannenta. Lokacin ta gama aji ɗaya. Ta cike fom, makarantarsu ta amince ta sake ta. Sai mai tantance takardu ya ga sakamakon sakandare na cewa Sambo, takardar haihuwa na cewa Usman, sunanka. Mutumin bai yi laifi ba, aikinsa ya yi. Ya ce a kawo takardun asali da takardar rantsuwa daga kotu kafin a rufe karɓa.

Takardun asali kuwa suna cikin akwatin Alhaji Sambo. Sau uku tana zuwa tana durƙusa masa. Na farko ya ce makulli ya ɓata. Na biyu ya tsallake zuwa gonarsa ta Dangoma ya yi kwana huɗu. Na uku ya fito fili, ya ce shi ya raine ta, sunansa take ɗauke da shi, ba za ta koma ƙarƙashin mace ba. Aka rufe karɓa. Yarinya ta hau mota ta koma gabas idonta jawur.

Ka san ni. Da bulala na koya wa 'ya'yanka girmama manya. Amma babban da ya kulle karatun marainiya a akwati, wane girma ya rage masa?

Bana ban aika kowa roƙo ba. Na sa hijabina, na ɗauki ƙanenka Malam Haruna muka je gaban alƙali, aka aika wa Alhaji sammaci. Sai ga shi a bayan babur rungume da akwati, makulli a aljihu. Magatakarda ya ce mafi sauƙi a bar Sambo, a rantse cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne. Na dubi Rukayya, ta girgiza kai. Muka ɗauki hanya mai wuya. Ta rantse, aka buga a jarida cewa daga yau ita Rukayya Usman ce.

Jarida biyu na saya. Ɗaya tana cikin takardunta. Ɗaya na ba Haruna ya kai majalisar yayanka bayan sallar Juma'a. Tunda Alhaji ba ya karatun boko, sai da aka karanta masa da ƙarfi a gaban abokansa. Ban yi nadama ba, kada ka zaci na yi.

An ɗauke ta a Kalgo, Malam. Sai dai mai sauya makaranta daga aji biyu yake farawa, ita kuma ta riga ta gama shi a can. Za ta maimaita. Shekara guda ta rayuwarta ta tafi a banza, a kan girman kan mutum ɗaya.

Shekaranjiya danginku suka zo su biyar, wai a yi haƙuri, a duba zumunci. Na shimfiɗa musu tabarma, na ba su fura, na raka su zaure. Ina zumuncin yake ranar da yarinya take durƙushe a ƙofar Alhaji? Idan ya yi ciwo zan aika a gaishe shi, don ba zan koya wa yara yanke zumunci ba. Amma shekarar nan ban yafe ba. Ya riƙe amsarsa, zai ba da ita inda ba a cewa makulli ya ɓata.

Allah ya haskaka kabarinka, ya sa ka huta.

Matarka,
Hajara, uwar Rukayya Usman