Kun Yanke Alhaji Sabo Daga Hoton Babana

Zuwa ga masu kula da shafin tunawa da 'yan gwagwarmayar Kudancin Kaduna,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Sunana Rahila, 'yar marigayi Malam Yohanna, malamin firamare ɗan Kagoro da kuka tuna da shi a shafinku makon jiya.

Kafin komai, na gode. Tun rasuwar Baba ban ji an ambaci sunansa ba sai a gida da coci. Kun kuma faɗi gaskiya: zamanin soja, a farkon shekarun casa'in, ya tsaya kan hakkin malamai da manoman citta har aka tsare shi. Mama ba ta gani sosai yanzu, sau uku na karanta mata, tana kuka tana dariya. Tsofaffin ɗalibansa sun yi ta kirana, har da waɗanda suka sha bulalarsa. Ba zan manta da wannan alheri ba.

Amma ina da ƙorafi, kuma raina a ɓace nake rubuta shi.

Na ɗaya, hoton. Ni na turo muku shi, kuma mutum biyu ne a ciki: Baba da Alhaji Sabo mai yadi na kasuwar Kafanchan, ranar da aka sako Baba. Kun yanke Alhaji, kuka bar yatsunsa a kafaɗar Baba, kuka rubuta wai Baba ya tsaya shi kaɗai. Bai tsaya shi kaɗai ba. A bayan shagon Alhaji su Baba suke taro, tsakanin bandiran atamfa. Shi ya tsaya wa Baba beli lokacin da danginmu na jini suka daina bi ta ƙofar gidanmu. A lokacin garin nan bai gama warkewa daga rikicin addini ba, mutanen Alhaji ma gani suke yi ya zautu.

Na biyu, abin da ake rubutawa a ƙarƙashin hoton. Waɗanda ko haihuwarsu ba a yi ba a lokacin sun mai da Babana sanda, suna dukan Musulmin kasuwa da shi. Kun gani, kun yi shiru. Mamaci ba shi da bakin cewa ba haka nake ba, ku da kuka ɗauko sunansa ku ne bakinsa.

Na uku, wanda ya fi ci mini rai: Alhaji Sabo yana raye. 'Yarsa ta nuna masa a waya. Ta ce ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, “Ashe Rahila ce ta tura.” Na kira sau biyu, ana ce mini yana hutawa. Zato yake mu muka ji kunyar a gan shi kusa da Baba.

Roƙona ke nan: ku mayar da hoton yadda na turo shi, ku rubuta sunan Alhaji, ku goge zagin. Nan gaba kuma, kafin ku yanke wani daga hoto, ku tambayi iyalin ko wane ne.

Ubangiji ya sa albarka a aikinku, ya ba ku hikima da tsawon rai. Don Allah ku hanzarta, domin ina so in je gidansa da wayata in nuna masa da idonsa. Ya haura tamanin, kuma ba ya jin daɗin jikinsa.

Wassalam.

Taku,
Rahila Yohanna, Kafanchan