Feshin Fenti a Ƙarƙashin Tagar Jikata

Zuwa ga ƙanena kafinta,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da injin feshinka, wanda na lura ya fi kowa gata a gidan nan. Na rubuto ne duk da tsakar gida kawai ta raba ƙofofinmu, domin bakina ya gaji da magana da bango.

Ka san jikata tana da fararen tabban nan da ake kira albaras. Da a gwiwar hannu kawai suke, tana sa riga ta rufe. Tun da ka dawo da feshin kujeru ƙarƙashin tagar ɗakinta, take kwana susa kamar mai ƙwarƙwata, duk inda farce ya ci kuma sai wurin ya warke da fari. Yanzu ya hau wuya, ya leƙa gefen baki.

Na kai ta wurin likitar fata. Ta ce ba fentinka ya haifi ciwon ba, to ka ji, ban ɗora maka abin da ba naka ba. Amma ta ce jikin yarinyar ba ya shiri da tururin nan, shi ke kawo ƙaiƙayin, susar kuma ke buɗe wa farin hanya. Bayan gida fili ne fetal, akuya ma ta raina shi. Ka mayar da injin can.

Yayanka, ko ka so ko ka ƙi.

Zuwa ga ƙanena,

Bayan gaisuwa, da fatan kunnenka ya samu sauƙi. Saƙonka ya iso ta bakin matarka: wai bayan gida babu wuta, wai yarinya ta rufe taga, wai dama abin a jininmu yake. A jininmu! Jinin nawa daga rijiya aka ɗebo shi, naka daga famfo? Ciki ɗaya ya ɗauke mu, kuma ni na goya ka har ka yi mini fitsari a baya, ban rufe taga ba.

Tagar a rufe take, har tsumma na cusa mata. Wari bai san sakata ba. Jiya ma'aikatanka suka kira ta Damisa, kai kana riƙe da guduma kana murmushi. Yau ta ninke kayan makarantarta ta tura ƙarƙashin gado, ta ce mini, "Kaka, sai na koma kala ɗaya zan je." Yarinyar da ke gyara mini karatun jarida!

To ka saurara. Daga gobe zan kafa kujerata daidai inda kake feshi. Tsoho ba shi da wurin zuwa. In za ka fesa, ka fara da gemuna.

Wanda ya riga ka shan nono.

Zuwa ga ƙanena,

Ina gaisuwa, ina kuma tari, kamar yadda kake ji daga ɗakinka. Ka yi zaton wasa nake. Ka fesa gadon mutane ta gefena, hulata ta koma ruwan ƙasa tana ƙyalli kamar sabon teburi. Ban motsa ba. Sai da mai gadon ta zo ɗauka, ta tambaye ka ko tsohon ma na sayarwa ne, sannan na ga kunya ta tuna hanyar fuskarka.

Yau da safe na jiyo injin yana kuka daga bayan gida. Na ga kuma doguwar wayar wuta da ka ja, wadda ka rantse babu irinta a kasuwa. Kada ka jira godiya. Farin da ya hau bakin jikata bai sauka ba, likita ma ba ta yi alkawari ba.

Amma yarinyar ta buɗe taga. Ta kuma ciro kayan makarantar tana gogewa, ba ta dai ce za ta je ba tukuna. Gobe kai za ka raka ta har bakin aji, ka bi da ita ta gaban ma'aikatanka, hannunta cikin naka. In ka makara, kujerata ba ta da nauyi, kuma na san hanyar bayan gida.

Yayanka, mai hula mai ƙyalli.