Jason Ya Amsa Bayan An Binne Shi

Mama,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya Kafanchan, yaya ƙafar Baba? Lafiya lau nake a Kigali, kada ki damu.

Aikinmu duk ta kwamfuta ne, ni da abokan aikina ba mu taɓa ganin juna ba. Kowa nasa ɓangaren kawai yake kallo. Jason, mai duba aikina, ashe an binne shi tun watan jiya, ba wanda ya lura! Manaja, marar kunya, wai ai aiki bai tsaya ba. Jiya na tura aiki, sai sunan Jason ya amsa: "Ya yi kyau."

Mama, ko wannan wasiƙar kada ta ishe ki. Ki kira ni ran Lahadi bayan sujada, ki ji muryata, ki tabbata ni ne.

Ɗanki,
Eli