Na ɓoye wa mijina rasuwar amininsa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kwana tara ke nan ina riƙe da wannan sirri.

Mijina maɗinkin hula ne, muna zaune a Mandawari. Shekara biyu da suka wuce aka yi masa aikin zuciya. Likita ya ce aiki ya yi kyau, ya riƙa shan maganinsa, ya riƙa tattaki, ya koma harkarsa. Shi ya warke, ni ce ban warke ba. Bara ya je jana'iza ya sa kafaɗa aka ɗauki makara, ya dawo yana haki dafe da ƙirji, tun ranar na karɓe wayarsa, baƙo in ya yi sallama sai na aika a ce yana barci. Ya yi faɗan har ya gaji, ya ce na binne shi da ransa.

Yana da amini a Goron Dutse, tare suka taso, shi ya yi jinyarsa a asibiti. Ranar Talatar makon jiya ɗan aminin ya kira, ni na ɗauka, ya ce Baba ya rasu, jana'iza ƙarfe biyu. Wallahi ban san lokacin da na ce jikin Malam ya tashi ba, alhali yana tsakar gida yana alwala lafiyarsa ƙalau. Na hana yara faɗa. Na ce gobe zan gaya masa, goben ta zo na kasa, aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, ko ta'aziyya bai je ba. Na ji iyalan mamacin suna cewa ashe haka Malam yake.

Kullum sai na yi istigfari, amma tsoro nake na faɗa zuciyar ta buga, na zama ni na kashe shi. In kuma na yi shiru, a ƙofar gidan mamacin zai ji. Domin jiya ya ce min, "Maman yara, bawan Allahn nan ya yi shiru da yawa, ko fushi yake? Juma'a da ƙafata zan kai masa hularsa, kada ma ki fara."

Gobe ce Juma'ar. Shin na kira yayansa ya zo mu faɗa masa tare, ko na fara tambayar likita, ko na durƙusa na faɗa ni kaɗai? Yanzu haka yana zaure da allura a hannu, saura kaɗan ya gama hular.